Wuƙar Azurfar da Na Tilasta Masa Ɗaurawa

Edita, salamu alaikum. Ba zan faɗi sunana ba, ba kuma zan faɗi na kowa ba. Waɗanda suka san maganar za su gane ni, sauran kuwa suna ba zai amfane su da komai ba. A shekarar farin nan na biyu, wanda ya share shanun da na farko ya rage, ni budurwa ce a Gidan Rumji. Na gama kwaleji a Maradi, na dawo gida ina buga keken rubutu a wani buro, wato ofis. Babana ɗan kasuwar hatsi ne, kakanninsa daga ƙasar Katsina suka hauro, saboda haka lokacin da matan ƙauye suke haƙar gidan tururuwa suna jiƙa ƴaƴan anza na daji don su ci, mu a gidanmu ba a taɓa fasa ɗora tukunya ba. Ina da baki, ba ni da haƙuri, abin da nake so yau nake sonsa. Innata takan ce tun ina goye ba na jiran a kwance zane. A lokacin ina jin wannan yabo ne.

Mutumin da zan aura Bafulatani ne, iyayensa suna zaune a wata ruga kusa da Cadakori. Shi kaɗai ne a gidansu ya yi lakol, wato makarantar boko, ya zama malamin allurar dabbobi. A buro muka haɗu, ya kawo takardu in buga masa, na ce rubutunsa kamar kaji sun yi tsere, ya yi murmushi ya ce shanu ba su taɓa yin ƙorafi ba. Daga nan abu ya ƙullu. Manya suka shiga, aka kai gaisuwa, aka ce aure sai ruwa ya sauka an ga abin da Allah zai yi. Mutum ne mai sanyi, maganarsa kaɗan, kuma yana da kunyar nan tasu ta Fulani da ke ba ni haushi. Bai taɓa kiran sunana a gaban mutane ba. In mun haɗu a hanya yana tare da dattijo, wucewa yake kamar bai san ni ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ba a iya yi masa kyauta. Ƙawayena da muka yi kwaleji tare kowa tana nuna abin da ta saya wa nata, shi kuma yana yawo da shi a jiki kowa na gani. Ni na saya masa agogo mai ruwan zinari, bayan kwana biyu na gan shi a hannun direban motar aikinsu. Na saya masa turare mai tsada, ya kai wa liman ya ce Juma'a ta fi shi buƙata. Na kawo tabarau, ya ce in ya sa su garke zai watse. Hular da na sa aka ɗinka masa kuwa tana ƙarƙashin malafa ko tana akwati, Allah kaɗai ya sani. Kullum sai ya karɓa da hannu biyu, ya ce Allah shi saka da alheri, shi ke nan abu ya ɓace. Da na tsare shi, sai ya ce mini ta yaya zai shiga wurin mutumin da saniyarsa ta ƙarshe take shure-shure, yana walƙiya da agogo. Na ji maganar, amma ban saurare ta ba. Na ɗauke ta raini. Wata ƙawata ta ce mini a gaban sauran, naki dai ko zaren laya bai ɗaura na hannunki ba, anya yana sonki, suka kwashe da dariya. Ranar na ce wa kaina sai na samo abin da zai sa a jikinsa ko da me zan rasa.

Shi da kansa ya ba ni hanya bai sani ba. Wata rana muna zance a zaure, ya ba ni labarin kakansa, ya ce tsohon yana da wuƙar damtse mai kuben azurfa, irin wadda ake zura hannu cikin zoben fatarta ta kwanta a damtse. Ya ce a farin farko aka sayar da ita aka ci, kuma tun daga nan bai ƙara ganin abin ado da ya shiga ransa ba. Na ce ai irinta sun cika kasuwa yanzu. Fuskarsa ta canza. Ya ce abin da ake shimfiɗawa a tabarmin bayan kasuwa kayan yunwa ne, kowane ɗaya da hawayen mai shi a jiki, kuma shi ko kyauta aka ba shi ba zai taɓa ba. Ya ƙara da cewa wuƙar namiji ba kamar ƙwarya ba ce, a wurinsu ana sanin ta wane ce kamar yadda ake sanin saniyar wane. Na gyaɗa kai. Rabin farko na maganar kawai na tafi da shi.

A bayan kasuwarmu akwai wani dillali, gajere mai furfura a gemu, yana bin kasuwannin mako da tabarmarsa. Munduwa, ƙoren nono masu zane, tasoshi, takubban Buzaye, duk abin da masu gudun yunwa suka zubar don tiyar gero yana wurinsa. Na gaya masa abin da nake nema. Ya duba hagu ya duba dama, sannan ya zaro ta daga cikin rigarsa, ba daga tabarma ba. Na ga haka, kuma na san abin da ake ɓoyewa cikin riga da dalili ake ɓoye shi, amma ban tambaya ba. Wuƙar ta yi kyau ƙwarai. Kuben azurfa ne da jar fata, zoben damtsen kitson fata ne siriri, mai wani irin saƙa da ban taɓa gani ba. Na ba shi ƴan kunnena na zinari, na ƙara da geron da na ɗiba a siton babana ba da saninsa ba. Da na zo gida na duba da kyau, sai na ga wata alama an zana a azurfar, daidai bakin kuben, irin wadda ake yi wa shanu. Na san in ya ga wannan zai gane ba sabuwa ba ce, shi da aikinsa duba alamar shanu ne. Sai na kai wa wani maƙerin fari na ce ya kankare. Ya ce ɗiyata, wannan shaidar gida ce, ba a goge ta. Na ce aikinsa na zo saye, ba shawara ba. Ya sa magagari ya goge. Na wanke kuben da toka da lemun tsami, har da wani baƙin abu da ya bushe cikin ɗinkin, wanda na ce wa kaina dauɗa ce.

Da na miƙa masa, ya daɗe yana kallo bai taɓa ba. Ya tambaye ni inda na samo ta. Na ce wani maƙeri ne a Maradi na sa ya ƙera masa sabuwa, irin ta kakansa. Ya sake tambaya, ya ce in gaya masa gaskiya, ba daga tabarma ba ce? Na ce wallahi sabuwa ce, kuma na nuna fushi don ya zarge ni. Sai ya ɗauka, ya zura hannunsa, ya juya damtsen yana dubawa. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, kamar yaro. Da na tsaya a nan da wataƙila ba na rubuto muku wannan ba. Amma sati ya zagayo ban gan ta a jikinsa ba, ya ce ya ajiye sai ranar ɗaurin aure. Na tashi masa. Na ce ni ba don akwati na saya ba, ranar kasuwar Cadakori zai ɗaura ta a kan riga mai gajeren hannu, kowa ya gani, in kuwa ba haka ba ya maido mini, ya aiko a karɓi kayan gaisuwarsu. Ya ce ba lokacin ado ba ne. Na ce ya zaɓa. Ya ce to.

Ranar kasuwar na bi goggona, ƙanwar babana, da sunan zan taya ta sayen kaya, alhali zuwa na yi in gani da idona. Rana ta take. Kasuwar shanu ba ta da kyan gani a shekarar nan, shanu duk ƙashi, wasu a kwance ba sa iya tashi, mahauta suna zagaya su, wari ya cika wurin. Na hango shi tsakiyar makiyaya yana duba bakin wata saniya, wuƙar tana ƙyalli a damtsensa na hagu. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Na tsaya kusa da wata mai fura ina ta kallonsa, ina cewa da ma ƙawayena suna nan.

Sai na ga wani saurayi dogo, rama ta cinye shi, ya tsaya cak yana kallon damtsen. Ya juya ya tafi, ya dawo da mutane, kowa da sanda, a gabansu wani tsoho mai rawani. Abin da ban sani ba a lokacin, wanda duk rugagen yankin suka sani, shi ne an tsinci gawar mahaifin saurayin nan a bakin wata rijiya a hanyar kudu, an sassare shi, an kore ƴan shanun da suka rage masa, an tuɓe wuƙarsa. Tun ranar danginsa suke bin kasuwa kasuwa. Tsohon yayan mamacin ne. Suka kewaye mutumina suna magana da Fillanci, ni kuwa ba na ji, daga baya aka fassara mini. Tsohon ya tambaye shi inda ya sami wuƙar. Ya ce sabuwa ce, a Maradi aka ƙera masa. Saurayin ya ce kitson zoben nan uwarsa ce ta yi shi da hannunta, yana zaune yana riƙe mata bakin fatar. Mutumina ya ce Allah ne shaidarsa sabuwa ce, ya ce a kawo Alƙur'ani ya dafa. Sai tsohon ya kama damtsensa, ya juya kuben ga rana, ya nuna wa mutane wurin da magagari ya ci. A wurinsu maganar ta ƙare ke nan. Wanda ya sayi abu bai sani ba, yana barin shaida a jiki. Wanda ya goge shaida, ya san jinin da ke kanta.

Tsohon ya ba shi dama ɗaya, ya ce in wani ne ya ba shi, ya faɗi sunansa. A nan mutumina ya ɗago kai. Ya gan ni, na tabbata ya gan ni, idonmu ya haɗu. Sai ya kawar da kai ya ce babu wanda ya ba shi.

Sanda ta farko a gwiwa ta same shi, na ji ƙararta daga inda nake. Ya durƙusa. Ta biyu a ƙeya. Daga nan ban iya lissafi ba, sanduna kawai nake gani suna tashi suna sauka, ƙura ta turnuƙe, shanu suna tsinke igiya. Bai yi ihu ba, hannuwa kawai ya sa ya rufe kai. Saurayin ya take masa kafaɗa, ya fizge wuƙar daga kuben, ya kai masa sara a wuya. Mutumina ya tare da hannun dama. Na ga hannun ya buɗe daga tafi har tsintsiya, jini ya yi tsartuwa ya ɓata rigar saurayin. Edita, ni mai bakin nan, wadda ba a gama magana ban mayar ba, ina tsaye harshena ya mutu. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka a haka ba, amma na san duk sandar da ta sauka a cikin lokacin nan tawa ce. Goggona tana jan zanena tana cewa mu gudu.

Na fizge na kutsa cikinsu. Wani ya juyo da sanda bai ma duba ba, ta same ni a baki, na ji haƙora a kan harshena. Na faɗa kansa, na rufe shi da jikina, ina tofar da jini ina cewa ni ce na saya, ni ce na sa aka goge, bai san komai ba. Suka ci gaba da duka ta gefena, wani yana jan ƙafata. Shi kuwa a ƙarƙashina, da bakin da ya cika da ƙasa, cewa yake in yi shiru in tafi gida. Tsohon ne ya ɗaga sandarsa ya tare sauran. Ya sunkuyo, ya yi mini magana da Hausarsa mai nauyi.

"Ɗiya, kar ki yi ƙarya don ki cece shi. In ke kin saya, wa ya sayar miki?"

Saurayin yana tsaye a kanmu da wuƙar a hannu, jini na ɗiga. Na ɗaga kai. Can gindin wata bishiyar bedi na hango dillalin nan, ashe ya ci kasuwar ranar, yana naɗe tabarmarsa da sauri, kaya suna zubewa. Ban yi tunani ba. Na miƙa yatsa.

Dillalin ya yi gudu amma bai yi nisa ba, gajere ne kuma ba yaro ba. A bayan rumfar mahauta suka cim masa. Na ji yana cewa shi ma saye ya yi, yana kiran Allah, yana cewa a kai shi wurin sarki. Ba wanda ya tsaya jin sa. Ƴan kasuwa da suka sha jin labarin ɓarayin shanu suka shiga, wasu da duwatsu, wani da taɓarya, mutanen da ba su ma san abin da ya faru ba. Muryarsa ta yi ta raguwa har ta ɗauke, duka bai tsaya ba. Kafin jandarma su iso daga Gidan Rumji an rufe shi da tabarmarsa, ƙafafunsa a waje, takalmi ɗaya babu.

An kama saurayin da wasu daga cikin danginsa. Ni ma na kwana biyu ina amsa tambaya da kumburarren baki, babana yana zaune a waje bai ce mini uffan ba, wanda ya fi mini duka ciwo. A binciken ne matar dillalin ta ce mijinta a hannun wani mahauci ya sayi wuƙar, mahaucin ya ce wani baƙo ne ya ba shi a bakin nama, baƙon kuwa ba wanda ya san inda ya nufa. Har yau ba a san wanda ya kashe makiyayin nan ba. Wataƙila dillalin ya san fiye da abin da matarsa ta faɗa, wataƙila bai sani ba. Bayan wata ɗaya matar ta zo ƙofar gidanmu da ƴaƴanta tana neman dusa, ba ta san gidan wa ta zo ba. Innata ta cika mata ƙwarya da gero. Ni na shige ɗaka na toshe kunnuwa.

Mutumina kuwa an kai shi likita a Maradi. Ya rayu, amma jijiyoyin hannun sun tsinke, yatsun sun lanƙwashe ba sa buɗewa, ƙafar kuma da ɗingishi ya tashi. Mai allurar shanu da ba ya iya riƙe allura, aiki ya ƙare. Da aka bar ni na shiga wurinsa, na zo da magana cike da baki, na shirya kuka da roƙo. Bai bar ni na fara ba. Ya tambayi bakina, ya ce an ba ni magani? Na ce eh. Na ce me ya sa bai faɗi sunana ba tun farko, da ba a kai nan ba. Ya ce ba a kiran sunan mace a tsakiyar sanduna. Sannan ya juya fuska ga bango.

"Hannun ba komai, na Allah ne. Amma na tsaya gaban dattawan mutanena na rantse da Allah a kan maganarki. Sau biyu na tambaye ki."

Sannan ya ce in gaida Inna.

Bayan an sallame shi, bappansa ya zo wurin babana. Ba faɗa, ba zagi, sun daɗe a zaure suna magana ƙasa-ƙasa. Bappan ya ce yaron ya ce ya yafe, duniya da lahira, amma ba zai iya zama da wadda in ta ce wallahi sai ya sake dubawa ba. Babana ya ce gaskiyarsa. Kafin damina suka tashi da abin da ya rage musu suka yi kudu. Na ji an ce yana koyar da yara a wani ƙauye, da hannun hagu yake rubutu a allo.

Shekaru kaɗan ke nan, har yanzu ban yi aure ba, kuma ba don an rasa masu zuwa ba. Na daɗe ina gaya wa kaina so ne ya ja ni. Ƙarya ne. Shi bai taɓa neman komai a wurina ba. Kyautar nan ba don shi na saya ba, don idon ƙawayena na saya, jikinsa kawai na ara in rataya. Ya gaya mini abin da ba ya so da dalilinsa, maƙeri ma ya gaya mini, na ji duka na take.

Ƴan'uwana mata, musamman mu da muka ɗan yi lakol muke ganin mun fi kowa wayo, in namiji ya ce ba ya son abu a jikinsa, ku ƙyale shi, ya fi ku sanin mutanen da yake shiga cikinsu. In za ku saya masa abin ado, ku tambayi inda ya fito, ballantana a shekarar da mutane ke rabuwa da kayansu ba da son ransu ba, kuma in mai sayarwa ya zaro daga cikin riga, ku ajiye ku tafi. Abin da ya fi duka, kada ku sa ƙarya a bakin mutumin da ya yarda da ku, don zai fita da ita ya maimaita a inda ba za ku iya janye ta ba. Ni na yi. Ɗaya ya rasa hannu, ɗaya yana kurkuku, ɗaya yana kabari da nunin yatsana, ni kuwa da na haɗa abin, haƙora biyu kawai na rasa. Masu karatu, in za ku yi addu'a, ku fara da ƴaƴan dillalin nan. Ni ku sa ni a ƙarshe.